Ɓarawon manhaja ba ta katanga yake shigowa ba

Kwanakin baya wani ƙanen abokina ya kawo mini kwamfutarsa in duba masa wani aiki. Yaro ne mai hazaƙa. Shi da abokansa uku sun shafe kusan shekara guda suna gina wata manhaja ta lissafin kaya da bashi, domin masu ƙananan sana'o'i. Na tambaye shi yaushe za su sake ta ga jama'a.

Ya ce, "Yaya, saura ƙiris. Wata uku ke nan ina aikin kulle ta, kada wani ya zo ya kwashe mana wahalarmu a banza."

Na ce ya nuna mini kullen. Ya sa wani abu da ke cakuɗa rubutun manhajar yadda duk wanda ya tone ta ba zai gane kai da gindinta ba. Ya ƙara wani tsari da ke hana ta buɗewa in babu intanet, wai sai ta tabbatar da lasisi tukuna. Yana bayani yana murmushi.

Fayil na biyu da na buɗe, ga kalmar sirrin rumbun bayanansu nan a rubuce ɓaro-ɓaro a cikin rubutun. Na tambaye shi su wa ke da kwafin wannan aikin. Ya ce su huɗun duka, a dunƙule suke tura wa juna ta waya. Ɗaya daga cikinsu kuma ya yi fushi ya bar tafiyar tun wata biyu da suka wuce, bayan sun yi saɓani a kan rabon kaso.

"Kun canza kalmar sirrin bayan tafiyarsa?" Shiru. "Akwai takardar da ta ce wa ke da me a cikin aikin nan?" Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ai amana ce tsakaninmu, Yaya."

Abin ya tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ba ne. Ra'ayina shi ne mafi yawan ƙarfin da ake zubawa wajen kare manhaja daga sata, an bar jaki ne ana dukan taiki. Ana ta ƙera kwaɗo saboda baƙon da ba a sani ba, har a takura wa mai saye da ya biya kuɗinsa, alhali ƙofar da aka fi shigowa ta ita tana nan a wangale: mutanen da ke riƙe da aikin, mabuɗan da aka watsar a cikinsa, da takardun da aka ƙi rubutawa.

Abu uku ne ake cakuɗawa

Lambar tushe ita ce rubutun da mai gina manhaja ke yi da hannunsa, wanda ɗan'uwansa zai iya karantawa ya gyara. Abin da kake saukewa a wayarka yawanci fassarar wannan rubutun ce zuwa harshen na'ura. Ka ɗauke su kamar zanen gini da ginin kansa.

To akwai wanda ke sace zanen. Akwai wanda ke kwafar ginin da aka gama ya raba wa mutane ba tare da biya ba, wato satar fasaha da muka saba ji. Akwai kuma wanda ya ga ginin ya burge shi, ya je ya zana nasa irinsa da kansa. Na ukun nan galibi ba laifi ba ne a idon doka, zan dawo kansa. Na farko da na biyu kuwa kowanne da maganinsa, kuma ƙanen abokina yana shan maganin na biyu ne alhali ciwon na farko ke jikinsa.

Da ɗan gari akan ci gari

A duba manyan sace-sacen lambar tushe da suka kai gaban kotu, a ga ta inda aka shiga.

Kamfanin AMSC na Amurka yana rubuta manhajar da ke sarrafa injinan samar da lantarki daga iska. Babban mai sayensa a lokacin shi ne kamfanin Sinovel na ƙasar Sin. A 2011 Sinovel ya daina karɓar kaya ba zato ba tsammani. Da aka bi sawu, sai aka tarar wani injiniyan AMSC da ke aiki a reshensu na Ostiriya ne ya kwashi lambar tushen ya miƙa, bayan an yi masa alkawarin kwangilar dala miliyan 1.7. AMSC ya sallami ma'aikata kusan 700, fiye da rabin mutanensa. Sai a Janairun 2018 wata kotu a Amurka ta samu Sinovel da laifi, kuma abin da aka sasanta a kai dala miliyan 57.5 ne, kuɗin da bai kama ƙafar asarar ba. Babu wani gwanin kutse a labarin nan. Mutum ne da ke da izinin shiga, ya shiga.

Haka Anthony Levandowski, injiniyan da ya sauke fayiloli kusan 14,000 na aikin mota mai tuƙa kanta daga Google kafin ya ajiye aiki. Daga baya ya koma aiki da kamfanin Uber, maganar ta kai Uber ya biya Waymo, wato reshen Google mai wannan aikin, hannun jarin kusan dala miliyan 245 a 2018, shi kuma aka yanke masa ɗaurin wata 18 a 2020, kafin Donald Trump ya yi masa afuwa a Janairun 2021.

Wani zai ce to waɗannan maciya amana ne, masu kutse daga waje fa? Su ma yawancinsu ba katangar suke fasawa ba, ɗan gida suke yaudara ya buɗe musu. A 2021 aka kwashe bayanai kusan gigabait 780 daga kamfanin wasannin kwamfuta na EA, har da lambar tushen wasan ƙwallon FIFA 21. Yadda su kansu ɓarayin suka shaida wa 'yan jarida, da dala 10 suka sayi wata shaidar shiga da aka sato, suka faɗa zauren hirar ma'aikata na Slack, sannan suka ce wa sashen kula da na'urori sun yar da wayarsu, a taimaka musu da lambar shiga. Aka taimaka musu.

A 2022 gungun masu kutse na Lapsus$ ya bi Nvidia da Samsung da Microsoft ɗaya bayan ɗaya. Daga Samsung kaɗai sun fitar da kusan gigabait 190. Da aka kama wasu daga cikinsu a Ingila, sai ga yara matasa. Babban makaminsu shi ne sayen kalmomin sirri, da kiran ma'aikata a waya, da damun mutum da saƙon neman amincewa har ya gaji ya danna.

Waɗannan kamfanoni ne da ke kashe wa tsaro kuɗin da ƙanen abokina ba zai iya ƙirgawa ba. Cakuɗa rubutu bai hana ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba, kuma ba zai taɓa hanawa ba, tunda ainihin kwafin da ba a cakuɗa ba aka je aka ɗauko.

Shi ya sa nake ganin tambayar farko ga duk mai manhaja ita ce mutum nawa ne ke iya buɗe rumbun lambarsa a yau, kuma shin kowannensu yana buƙatar dukkanta. Mai gyara fuskar manhaja ba shi da abin yi da sashen biyan kuɗi. Wanda ya bar aiki da safe, bai kamata mabuɗinsa ya kai yamma yana buɗe ƙofa ba. Kowa ya shiga da sunansa, a san wa ya sauke me kuma yaushe. Sannan shiga ta zama mataki biyu, kalmar sirri da wata shaida daban. Duk wannan kusan kyauta ne a GitHub da GitLab da ire-irensu, wato shafukan da ake ajiye lambar tushe a intanet, kuma ba ya cin yini guda.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Ma'aikacin da aka riƙe wa haƙƙinsa wata uku, ko abokin tafiyar da aka yi wa alkawarin kaso da fatar baki aka zo ana kwana-kwana, shi ne mafi haɗari a kan lambarka. Ban ce cin amana ya halasta ba. Amma wanda ke son a riƙe masa sirri, ya fara biyan mai riƙon.

Abin da ke cikin aljihun rigar

Sau da yawa ɓarawo bai damu da rigar ba, abin da aka manta a aljihunta yake nema.

A 2016 wasu suka shiga rumbun lambar injiniyoyin Uber a GitHub. A ciki suka tsinci mabuɗin ma'ajiyar kamfanin da ke Amazon, suka bi ta nan suka kwashi bayanan mutum miliyan 57. Kamfanin ya biya su dala 100,000 ya yi gum, har sai da maganar ta fito a 2017. Daga baya ya biya jihohin Amurka dala miliyan 148, aka kuma samu shugaban tsaronsa da laifi a 2022 saboda rufa-rufar.

Toyota kuwa ba a ma yi musu kutse ba. Wani ɗan kwangila ne ya ɗora wani ɓangare na lambar a fili a GitHub, da mabuɗin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfani, a ciki, daga Disamban 2017 har Satumban 2022. Kusan shekara biyar ƙofa a buɗe, bayanan abokan ciniki 296,019 suna bayanta.

Wannan shi ne ainihin kuskuren da na gani a fayil na biyu na ƙanen abokina. Kuma yana da wani ƙulli da sababbin shiga ba su sani ba. Git, tsarin da kusan kowa ke ajiye lamba da shi, ba ya mantuwa. Ko ka goge kalmar sirrin daga fayil yau, tana nan kwance a tarihin gyare-gyaren jiya. Mabuɗin da ya taɓa shiga rumbu ya mutu, sai dai a soke shi a yanko sabo. Akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai bin rumbunan da ke fili suna tsintar irin waɗannan mabuɗai, cikin mintoci suke ganowa.

"To in ba a kulle ba, ai kwafa za a yi"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma tsohuwa ce. Tun a 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kuka da masu kwafar manhajarsa ta BASIC ba tare da biya ba. Kukan gaskiya ne. Mutum ya yi aiki, ya cancanci ladan aikinsa, kuma ba na cikin masu cewa satar fasaha ba sata ba ce don kawai mai kayan bai rasa kwafinsa ba.

Inda muka rabu shi ne maganin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk manhajar da ka miƙa wa mutum ta zauna a na'urarsa, dole na'urar ta iya karanta ta kafin ta yi aiki, abin da na'ura ta karanta kuwa mai haƙuri zai iya karantawa. Ka ba shi akwati a kulle, ka kuma ba shi mabuɗin a ɓoye cikin akwatin. Mutum ɗaya tak ake buƙata ya gano maɓoyar, sauran duniya su kwafa daga gare shi.

Wa ya rage yana shan wahalar kwaɗon? Wanda ya biya.

A 2005 Sony BMG ya saka wata ɓoyayyar manhaja a fayafayan waƙoƙinsa don hana kwafa. Duk wanda ya sa faifan a kwamfuta, sai ta shige can cikin Windows ta ɓuya ba da saninsa ba. Wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ne ya bankaɗo ta a ƙarshen Oktoban shekarar. Ba a jima ba masu rubuta ƙwayoyin cutar kwamfuta suka fara fakewa a bayanta. Aka janye fayafayan, aka sha ƙararraki. Abin dariyar ma, masu bincike sun gano cewa ita kanta manhajar hana satar tana ɗauke da lambar wasu mutane da aka ɗebo ba bisa sharaɗin lasisinsu ba.

A 2010 kamfanin wasanni na Ubisoft ya fito da tsarin da ke tilasta wa mai wasa ya kasance a intanet ko da shi kaɗai yake wasansa. Sabar kamfanin ta samu matsala, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka kasa buɗe abin da suka saya. Ba a daɗe ba aka fasa kullen, masu kwafin sata suka ci gaba da wasa babu katsewa. A 2012 kamfanin ya sanar da cewa ya watsar da tsarin.

Yanzu a dubi ƙanen abokina. Manhajarsa ta mai ƙaramar sana'a ce da zai buɗe ta sau hamsin a yini. Ranar da intanet ta yanke masa, ga mai saye tsaye a gabansa, manhajar ta ƙi buɗewa don ba ta gaisa da saba ba, ranar zai koma littafi da biro. Ba ɓarawo ne zai kashe wannan manhajar ba, kwaɗonta ne.

Zan yarda da abu biyu. Na ɗaya, ɗan kulle mai sauƙi yana da amfani: lambar lasisi da ake shigarwa sau ɗaya, da cakuɗa rubutu irin wanda kayan aikin Android ke yi da kansu in ka kunna. Yana tsayar da mai son banza da ba shi da naci, kuma aikin awa guda ne. Na biyu, masu manyan wasanni da ke cin kasuwarsu a makonnin farko suna da dalilin sayen kariya irin Denuvo, don ko jinkirin wata ɗaya kuɗi ne a wurinsu. Amma su kansu sun san jinkiri suke saye, shi ya sa da yawansu ke cire kariyar bayan an kwana biyu. A gefe guda kuma ga GOG, tun 2008 suke sayar da wasanni babu kulle ko ɗaya, kuma har yau suna kasuwa.

Wanda ke da wani sirri na gaske a manhajarsa, wata dabarar lissafi da ita ce jarinsa, hanya ɗaya ce tabbatacciya: kada ya tura ta na'urar kowa. Ta zauna a sabarsa, manhajar waya ta riƙa aika tambaya tana karɓar amsa. Abin da bai bar gida ba, ba a kwafarsa a kasuwa. Sai dai fa wannan ya mayar da mu kan maganar farko, wato wa ke riƙe da mabuɗin gidan.

"In suka ga lambar, mun mutu"

Wani lokaci haka ne, AMSC shaida ne. Amma a lura da abin da ya sa ta yi musu illa: wanda ya karɓi lambar yana da masana'anta, yana da kasuwa, shi ne ma babban mai sayen. Lambar ce kaɗai ta rage masa.

Yawanci ba haka take kasancewa ba. A 2003 aka sace lambar wasan Half-Life 2 daga Valve aka watsa a intanet, wasan ya fito a Nuwamban 2004 ya sayu miliyoyi. A Fabrairun 2004 wani ɓangare na lambar Windows 2000 ya fita, a 2020 ta Windows XP ta biyo baya. Ban ga wanda ya kafa kamfanin da ya ture Microsoft da su ba. Su kuwa ɓarayin EA, sun yi ta tallar kayansu babu mai saye, suka nemi kamfanin ya biya su ya ƙi, ƙarshe suka zubar da shi kyauta. Wane kamfani mai hankali ne zai gina kasuwancinsa a kan kayan da kowace kotu za ta gane na sata ne?

Kuma duk wanda ya taɓa gadon lambar da wani ya rubuta ya san abin da nake nufi. Ko da izini aka ba ka, ga mai ita zaune kusa da kai yana yi maka bayani, sai ka yi watanni kafin ka san inda aka dosa. Balle ka sato ta babu bayani, babu mutanen da suka san dalilin kowane layi, babu masu sayen da suka saba da kai.

Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, na nan tun 1991, kowa na iya karanta lambarsa, kuma a kansa Android da mafi yawan sabobin duniya suke tsaye. Ban kawo wannan don in ce kowa ya buɗe lambarsa ba. Na kawo shi ne don a ga cewa ganin lamba da mallakar kasuwa abubuwa ne mabambanta.

Ta fuskar tsaro ma, masana rufa saƙo sun daɗe da yanke hukunci. Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar cewa tsari ya zama mai aminci ko da abokin gaba ya san yadda aka gina shi, muddin mabuɗin bai shiga hannunsa ba. Manhajar da amincinta ya dogara da cewa ba wanda zai taɓa ganin cikinta, tun yau a buɗe take, mai ita ne bai sani ba. Ka rubuta lambarka kamar gobe za a karanta ta a bainar jama'a.

"Takarda ba ta hana sata"

Gaskiya ne, ba ta hanawa. Amma ranar da aka yi satar, ita ce za ta nuna kayan naka ne.

Yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda ta hau kan duk ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta ce a kare manhajar kwamfuta kamar yadda ake kare rubutun adabi, ko tana matsayin lambar tushe ko ta koma harshen na'ura. Haƙƙin mallakar yana samuwa ne da zarar an rubuta, ba sai an yi rajista ba, ko da yake a Amurka sai ɗan ƙasa ya yi rajistar kafin ya shigar da ƙara.

Tambayar ita ce haƙƙin na wa. A ƙasashe da dama, ciki har da Amurka da Ingila, abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aikinsa na kamfani ne. Amma ɗan kwangilar da ka ɗauko daga waje, ko ka biya shi, haƙƙin yana hannunsa sai in ya sa hannu ya miƙa maka a rubuce. Mutane da yawa sun biya kuɗin manhaja suna zaton tasu ce, ashe izinin amfani kawai suka saya. Abokai huɗu da suka haɗu babu kamfani babu takarda kuwa, kowannensu na da abin da zai riƙe ya ce nasa ne. Wanda ya yi fushi ya tafi da kwafi, da wuya ma a kira shi ɓarawo.

Sirrin kasuwanci shi ma da sharaɗinsa. Doka tana kare shi ne in mai shi ya nuna ya ɗauki matakan da suka dace na ɓoye shi. Wanda ke tura lambarsa a dunƙule ta waya ga duk wanda ya tambaya, me zai gaya wa alƙali?

Ba na cewa kotu aljanna ce. Sergey Aleynikov, ma'aikacin bankin Goldman Sachs, ya kwafi lambar cinikin hannun jari ta bankin a 2009, aka ɗaure shi, kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi a 2012 saboda lafazin dokar bai kama abin da ya yi ba, har sai da majalisar Amurka ta gyara dokar a ƙarshen shekarar. Oracle da Google sun kwashe daga 2010 zuwa 2021 suna shari'a a kan layukan lamba kusan 11,500 da Google ya kwafa, ƙarshe Kotun Ƙoli ta ba Google gaskiya. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya wannan doguwar tafiya ba. Abin da zai iya shi ne ya aika wa GitHub ko Google Play takardar ƙorafi a sauke kayansa da aka ɗora, kuma wannan yana aiki, in yana da shaidar cewa nasa ne. Tarihin Git mai ɗauke da suna da rana yana daga cikin shaidun da suka fi ƙarfi.

Shi kuwa mai kwaikwayo, sai haƙuri. Haƙƙin mallaka yana kare rubutun ne, ba ya kare dabarar. A farkon shekarun 1980 Compaq da Phoenix sun sa injiniyoyin da ba su taɓa ganin lambar IBM ba suka rubuta tasu mai yin aiki iri ɗaya, kuma ta haka kwamfutocin da muke amfani da su suka yawaita suka yi araha. In wani ya ga manhajar lissafin bashi ya je ya rubuta tasa, gasa ce ta same ka.

Mu ma a shafa mu

Akwai abin da ke ba ni haushi a wannan muhawara. Da na duba kwamfutar yaron nan da kyau, manhajar da yake zana fuskar aikinsa da ita fasasshiya ce, daga wani shafi ya sauko da ita. Mai tsoron a sace masa, da kayan sata yake aiki.

Bar ma maganar kunya. Fasasshiyar manhaja tana daga cikin manyan hanyoyin da ake cusa wa mutane ƙwayar da ke kwashe kalmomin sirri da shaidun shiga daga burauza. Wanda ya fasa ta ya raba kyauta ba waliyyi ba ne. Irin waɗannan shaidun ne ake tarawa a sayar da arha, kamar wadda aka shiga EA da ita. Wato da hannunsa ya ɗauko ɓarawo ya zaunar a na'urar da dukkan lambarsa ke ciki, sannan ya tafi yana cakuɗa sunaye.

Haka masu ɗebo lambar da aka saki ƙarƙashin lasisin GPL su cusa a kayansu su rufe, alhali sharaɗin shi ne in ka rarraba, ka buɗe naka ma. Ita ma keta haƙƙi ce, kuma an kai manya kotu a kanta: gidauniyar FSF, mai kula da lasisin GPL, ta maka kamfanin Cisco a 2008 a kan na'urorin Linksys, aka sasanta a 2009.

Ga kuma sabuwar ƙofa. A 2023 wasu injiniyoyin Samsung suka liƙa lambar kamfani a ChatGPT don ya taya su gyara, har kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. Ba mugunta suka yi ba, sauri suke yi. Duk mai ma'aikata ya zauna da su a fayyace abin da ya halatta a liƙa a waje da wanda bai halatta ba, tun kafin a yi ihu bayan hari.

A daren nan dai ba mu tashi ba sai da muka soke tsohuwar kalmar sirrin, muka fitar da mabuɗan daga cikin lambar, muka buɗe rumbu mai zaman kansa inda kowa ke shiga da sunansa. Duka bai kai awa biyu ba. Tsarin nan na dole sai da intanet kuwa ya ƙi cirewa, ya ce wata uku ya kashe a kansa, zai yi tunani.

Takardar ce ta fi wuya, don sai an nemo wanda ya yi fushin an zauna da shi an yanka masa kasonsa kafin ya sa hannu. Da zai tafi na tambaye shi yaushe zai kira shi. Ya ce, "Yaya, ni fa ba ni na yi masa laifi ba." Shekaranjiya na sake tambaya, bai kira ba tukuna.